Zuciya na tashi, ka shiga kemis: me za ka saya, me za ka bari?

A goman tsakiya na azumin bara, bayan an sha ruwa da kamar rabin awa, ina tsaye a wani kemis na bakin titi ina jiran canji, sai ga wani mai Adaidaita Sahu ya faka ya shigo, hannu ɗaya dafe da goshi, ɗaya a ciki. Ya ce, "Likita, tun la'asar zuciyata ke tashi, kai kuma kamar ana sara min gatari. A haɗa min mai ƙarfi, ina so in koma aiki." Wanda aka kira likitan yaro ne da bai wuce shekara ashirin ba, mai shagon ya tafi masallaci ya bar masa jira. Ya ɗauki almakashi ya bi katunan magani yana yanka: farare biyu, wata 'yar ƙarama ruwan ƙasa, da kafso guda. Ya zuba masa a tafin hannu. Mutumin ya afa su gaba ɗaya, ya kora da ruwan leda mai ƙanƙara, ya biya, ya fita.

Da ya tafi na roƙi yaron ya nuna min katunan. Fararen nan biyu haɗin ibufurofen ne da farasitamol, ƙaramar dikulofenak ce, kafson kuwa firoksikam. Wato magunguna uku 'yan gida ɗaya, kowannensu an san shi da cin bangon ciki, an tura su tumbin da tun asuba bai ga komai ba sai dabino da ruwan sanyi. Kuma a duk abin da ya haɗiya babu ko ƙwaya ɗaya da aka yi ta domin tashin zuciya.

Maganin ciwo daban, maganin tashin zuciya daban. Panadol da Brufen da Cataflam da Alabukun aikinsu rage zafi ne da sauke zazzaɓi. Tashin zuciya kuwa umarni ne daga wani gurbi a can ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda ke karɓar rahoto daga ciki da hanji da cikin kunne da kuma jini. Idan rahoton ya ce da matsala, sai yawu ya tsinke, gumi ya karyo, ciki ya fara shirin mayar da abin da aka ba shi. Magungunan ciwo ba sa bi ta wannan gurbin. Abin da ya sa mutane ke rantsuwa sun sha sun ji sauƙi shi ne, sau da yawa tashin zuciyar ɗan rakiya ne. Zazzaɓi ko ciwon kai ne ya zo da shi, da uban tafiyar ya lafa sai shi ma ya bi bayansa. Wani lokacin kuma da ma zai wuce ko ba a sha komai ba, sai ƙwayar ta kwashe yabon.

Idan da ciwo ko zazzaɓi tare da shi: farasitamol

Shi zan fara miƙa wa hannu. Shi ne mafi araha a shagon, kuma ba ya cin bangon ciki. Mai olsa na iya sha, mai juna biyu ma shi ake rubuta mata a wurin awo, sannan ana iya shansa ko ba a ci abinci ba, abin da ke da amfani ga wanda ko ƙamshin miya ba ya son ji. Sunayensa da yawa: Panadol, da na Emzor, da sauransu, a Maraɗi da Damagaram za ka ji ana cewa Doliprane ko Efferalgan. A jikin kwali dai kalma ɗaya za ka nema, Paracetamol. Matuƙar mai rajista ne, bambancin kuɗin da ke tsakaninsu yawanci kuɗin suna ne.

Ga babba, ƙwaya ɗaya ko biyu masu miligiram 500, a bar awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, wato giram 4. Mutanen Nijar su lura, akwai Doliprane mai miligiram 1000, guda ɗayansa biyu ne. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai shan giya, ko wanda ya yi kwanaki bai ci abincin kirki ba, ko mai ciwon hanta, ma'auninsa ƙasa da haka yake, sai ya tambayi likita ko ƙwararren mai haɗa magani. Kada a raina zancen hanta a ƙasar nan: wani binciken lafiya mai suna NAIIS da aka yi a faɗin Nijeriya a 2018 ya gano kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma da yawansu ba su taɓa yin gwaji ba.

Haɗarin farasitamol shiru yake zuwa, kuma ba a cika faɗa masa da gangan ba. Lissafi ne ke kwace wa mutum. Ka sha biyu da safe. Mura ta dame ka, ka sha Procold ko Mixagrip, ba ka san kowace ƙwayarsu na ɗauke da farasitamol ba. Da rana a ba ka haɗi a kemis, da Ibucap a ciki, shi ma da nasa. Da yamma Panadol Extra, da dare ka ƙara biyu don barci ya zo. Kai a ganinka magunguna huɗu daban ka sha, hantarka kuwa abu ɗaya take ta karɓa. To ga inda gizo ke saƙar: alamar farko ta yawan farasitamol a jiki ita ce tashin zuciya da amai, wato ainihin abin da ka fito nema wa magani. Bayan nan mutum kan ji kamar ya warware na yini guda, sai a kwana na biyu ko na uku gefen ciki na dama ya fara ciwo, ido ya yi rawaya. Akwai makarinsa a asibiti, amma ya fi aiki a cikin awa 8 na farko. Duk wanda ya gane ya zarce ƙa'ida ya tafi a lokacin, ko da yana jin garau.

Haka kuma idan ka sha ka amayar, kada ka yi ta maimaitawa kana cewa bai zauna ba. In an ɗan jima kafin aman, jiki ya riga ya tsotsi wani kaso.

Masu "Extra" a sunansu kafeyin aka ƙara musu, sinadarin nan na shayi da kofi da goro. Yana taimaka wa ciwon kai, musamman irin na mai azumin da ya saba da shayi uku kafin azahar, amma a cikin da ba komai yakan ƙara tsami, ya sa gaba faɗuwa da rawar hannu. Mai tashin zuciya ya sayi farasitamol zalla, ya rage kuɗi, ya rage wahala.

'Yan gidan ibufurofen

A nan nake so mu daɗe, domin su ne ake nufi idan aka ce "mai ƙarfi" ko "maganin gajiya": ibufurofen, dikulofenak, firoksikam, nafuroksen, da kakansu asfirin. Dukansu hanya ɗaya suke bi. Jiki na yin wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke kawo zafi da kumburi a inda aka ji ciwo. Su kuma sai su toshe masana'antarsa. Matsalar ita ce wannan sinadarin ba aiki ɗaya yake yi ba. Shi ke sa ciki ya shafa wa kansa wani yauƙi mai kauri da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci, kamar yaɓen da ake yi wa katangar ƙasa kafin damina. Ka hana yaɓe, ruwa ya ci katanga. Shi ya sa in ka buɗe takardar da ke cikin kwalin kowannensu, a sahun farko na illolin da aka jera za ka ga tashin zuciya, ƙwarnafi, ciwon ciki. Mai saye don zuciyarsa ta kwanta ya sayi abin da ke tayar da ita da kuɗinsa.

Aiki na biyu na sinadarin ya fi wannan ban tsoro, ko da yake ba a jin sa. Idan ruwa ya yi ƙaranci a jiki, shi ke riƙe jijiyoyin ƙoda a buɗe don jini ya ci gaba da shiga. Ka ɗauki mutumin da ya wuni yana amai, ko amai da gudawa, ko ya yi azumi a zafin Afrilu yana tuƙi a rana: ƙodarsa da wannan igiyar take rataye. Dikulofenak ko ibufurofen a wannan halin yanke igiyar ne. Fitsari ya ragu, ƙafa ta fara kumbura, a wayi gari ana maganar wankin ƙoda, garin neman gira an rasa ido. Abin ya fi sauri ga dattawa, da masu ciwon suga, da masu shan maganin hawan jini irin su lisinofiril da losatan da ƙwayar sa fitsari. 'Yan uwanmu masu sikila, da dikulofenak ya zame musu abokin tafiya, su ma ƙodarsu da ma a wahale take.

Amma ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Ibufurofen, wanda za ka gani a rubuce Ibuprofen ko Brufen, shi ne mai dama-dama in an tsaya a ƙaramin ma'auni: miligiram 200 zuwa 400, sau uku a yini iyaka, kada a wuce 1200 ba da izinin likita ba, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki kawai. Yana saurin fita daga jiki, in bai karɓe ka ba ka daina ya wuce.

Dikulofenak, wato Cataflam da Voltaren da 'yan uwansu, ya fi suna wajen ƙarfi, kuma ban da ciki yana taɓa zuciya da jijiyoyin jini. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada a ba masu ciwon zuciya da waɗanda suka taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, a watan Janairun 2015 kuma Ingila ta daina sayar da ƙwayarsa sai da takardar likita. A nan kuwa mai tireda na da shi kusa da ashana da magi.

Firoksikam, kafson da aka fi sani da Feldene da makamantan sunaye, shi ne nake roƙon mai tashin zuciya ya yi nesa da shi. Leburori da manoma na son sa saboda guda ɗaya kan kai ka gobe, kuma dalilin ke nan da ya sa yake da haɗari: bayan kamar awa 50 rabin abin da ka sha na nan yana yawo a jini. Wanda ke sha kullum da dare na yau yake ɗorawa kan na jiya da na shekaranjiya. Tun 2007 Turai ta daina amincewa da shi don ciwo na ɗan lokaci, saboda yawan gyambon ciki da zubar jini da wata muguwar cutar fata da yake jawowa.

Haɗa biyu daga gidan nan ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa. Wasu masu haɗin ma har da 'yar ƙwayar deksametason ko firedinisolon suke jefawa don mutum ya tashi da kuzari, ita kuma in ta gamu da waɗannan sai haɗarin zubar jini a ciki ya ƙaru. Mai juna biyu ta guje su gaba ɗaya sai da izinin likita. A 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan shansu daga mako na 20, saboda suna taɓa ƙodar jariri, ruwan mahaifa ya ragu. Wasu masu asma kuma ƙwaya ɗaya kan tayar musu da ita.

Asfirin na da nasa labarin. Da yawa ba su san shi suke sha ba idan suka farke takardar Alabukun, hodar da Jacob Odulate ya fara haɗawa a 1918 kuma har yau tana kasuwa. A kowane ƙunshi akwai asfirin miligiram 760 da kafeyin 60, wato ya kai ƙwayar asfirin mai 300 biyu da rabi. Ga mai lafiyayyen ciki da ya ƙoshi, yana sauke ciwon kai da sauri, shi ya sa ya shekara ɗari. Ga mai tashin zuciya da yunwa kuwa, zuba barkono ne a kan gyambo. Sannan asfirin na hana jini daskarewa na kusan mako guda bayan an sha. Ka tuna zazzaɓin Lassa, wanda aka sa wa sunan wani gari a Borno inda aka fara gano shi a 1969, da rani yake tashi, kuma da zazzaɓi da ciwon kai da amai yake farawa, ba ka bambance shi da maleriya da ido. Mai cutar da ke iya sa zubar jini ba a ba shi abin da ke tsinka jini. Yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba a ba shi asfirin sam, saboda wata cuta da ake kira ciwon Reye mai kumbura hanta da ƙwaƙwalwa, wadda ita ma da amai take sallama. Wanda likita ya ɗora kan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 don zuciya, wannan daban. Kada ya daina da kansa, kuma kada ya ƙara wani daga gidan nan a kai.

Duk mai shan ɗayansu da ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ko amai da jini, ko amai mai kama da dusar kofi, ya daina a take ya nufi asibiti.

Wurare biyu da suke da gaskiya

Kada in yi musu rashin adalci. Akwai tashin zuciyar da ibufurofen ke kwantarwa da gaske, na ciwon mara. A lokacin al'ada mahaifa ce ke zubo furostagilandin da yawa, shi ke murɗa mara, shi ke sa wasu 'yan mata amai da gudawa da jiri a ranar farko. A nan maganin tushen yake sara, shi ya sa ya fi farasitamol aiki. Dabarar ita ce a fara da wuri, da an ji alamar farko, a sha bayan an ɗan taɓa ko da koko ne da ƙosai, kwana biyu ko uku a ajiye. Sharaɗi ɗaya: ki tabbata al'ada ce. Matar da ta yi ɓatan wata, sannan ga ciwo a gefe ɗaya na mara da ɗigon jini da jiri, ba kemis za ta je ba, domin ciki a wajen mahaifa haka yake zuwa.

Na biyu ciwon ɓarin kai, wanda ke zuwa da ƙin haske da ƙin ƙara da tashin zuciya. Shi ma in an tare shi da wuri da farasitamol ko ibufurofen, a shiga ɗaki mai duhu, duka kan lafa tare. In an bari ya nuna, ciki kan tsaya cik, ƙwayar ta zauna ba ta wuce hanji ba, shi ya sa masu narkewa a ruwa suka fi saurin kamawa. Sai dai wanda ke shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, ko kwana 10 in mai haɗi ne, maganin da kansa kan koma yana haifar da ciwon kan.

Tiramol da kodin ba na saye a kan kanta ba ne, kuma tashin zuciya da amai na cikin manyan illolinsu. Gwamnatin Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun Mayun 2018. Duk shagon da ya zaro maka ɗayansu daga ƙarƙashin tebur don zuciyarka na tashi, ka canza shago.

To me za a saya domin tashin zuciyar kansa?

Abin da ya fi cancantar kuɗinka ba ƙwaya ba ce, sacet ɗin ruwan gishiri da suga ne, wanda ake ce wa ORS. Ba ya hana amai, amma ba aman ne ke kai mutum ƙasa ba, ƙarewar ruwa ce. Yawancinsu a lita ɗaya ake narkawa, wato ledar ruwa biyu masu santilita 50, amma ka karanta bayan sacet ɗin don akwai ƙanana. Kuskuren da ake yi shi ne ɗaga kofi a shanye, ciki ya dawo da shi. Kurɓa ake yi, cokali ɗaya duk minti ɗaya ko biyu. In an yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. In dare ya yi babu shago, ƙaramin cokalin shayi 6 na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayin na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Yaro mai gudawa a haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Citta ba tatsuniyar kaka ba ce, an gwada ta, musamman ga laulayin masu ciki, kuma kamar giram ɗaya na busasshiya a yini ya isa. A daka a zuba a ruwan zafi a kurɓa. In ta yi yawa ita ma ƙwarnafi take sawa. Mai kumallon safe ta ajiye busasshen biskit ko gasasshen burodi kusa da gado, ta ci kafin ta miƙe, ta riƙa cin kaɗan-kaɗan maimakon ta jira yunwa. Kanwa kuwa, da ake jiƙawa a ba mai ciwon ciki, gishiri ce mai nauyi da ba ta da ma'auni. Mai hawan jini da mai ciki su bar ta a miyar kuka.

Idan tashin zuciyar da zafin ƙirji yake zuwa, da gyatsa mai tsami, bayan an ci mai maiƙo ko an kwanta da ƙoshi, farin maganin ruwan nan na olsa irin su Gestid ko ƙwayar taunawa sun fi kowane maganin ciwo dacewa, kuma cikin mintuna suke aiki. A raba su da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifurofuloksasin da tetirasaikilin da aƙalla awa 2, don suna hana su shiga jini. Omefurazol ya fi su ƙarfi amma ba na gaggawa ba ne.

Mai amai a mota, wanda tun kafin a wuce Kwanar Ɗangora ya fara neman leda, nasa maganin furometazin ne, wato Avomine ko Phenergan, ko kuma wani magani daban mai suna Stugeron. Kafin tafiya ake sha, da awa ɗaya ko biyu, ba bayan an fara ba. Suna sa barci sosai, don haka na fasinja ne, ba na direba ko ɗan acaɓa ba. Furometazin ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 2, yana iya danne masa numfashi. Iyayen da ke ba jariri don ya yi barci su ji wannan da kyau.

Sai metokulofuramaid, Maxolon ko Plasil, wanda shi ne yawanci za a miƙo maka in ka ce "maganin amai". Yana aiki, amma na takardar likita ne, kuma da dalili. Tun 2013 Turai ta taƙaita shi zuwa miligiram 30 a yini ga babba, kwana 5 iyaka. Ga yara da matasa, musamman 'yan mata, yakan jawo wani abu mai firgitarwa: wuya ya murɗe gefe, ido ya kafe sama, harshe ya fito, muƙamuƙi ya ƙage. Na taɓa ganin haka a gidan maƙwabta, yarinya 'yar shekara sha biyar, an ba ta ƙwaya biyu da rana saboda amai, da magariba ta juye. Gida ya rikice, an tafi kiran mai ruƙiyya, ana ta hayaƙi, kowa na cewa iska ce. Wata ma'aikaciyar jinya da ke layin ce ta shigo ta ce, "Hajiya, me aka ba ta yau?" Aka kawo katin, ta duba, ta ce a ɗauko mota. Allura ɗaya a asibiti, kafin a yi sallar isha'i yarinyar na neman abinci. Domferidon, wato Motilium, bai cika yin haka ba, amma shi kuma bugun zuciya yake taɓawa, musamman ga waɗanda suka haura 60. Buscopan na murɗawar ciki ne, ba na tashin zuciya ba.

Lokacin da kuɗin ba na kemis ba ne

Zazzaɓi da tashin zuciya a damina, kuɗin farko na gwajin maleriya ne, na ɗigon jini a yatsa, minti 15 zuwa 20 an gama. Farasitamol zai sauke zafin jikin ya bar ƙwayar cutar tana hayayyafa. Wanda ke amayar da duk abin da aka ba shi, har maganin maleriyar, allura yake buƙata.

Ciwon kai mai tsanani da amai da sanƙarewar wuya a lokacin zafi, sanƙarau ake zargi, kuma Arewa ba ta manta annobarsa ta 1996 ba. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasan dama, afendis. Tashin zuciya da gumi da nauyin ƙirji ga dattijo ko mai ciwon suga, zuciya ce ake dubawa, ba ciki ba. Mai tsohon ciki da ciwon kai da dishi-dishin gani da zafi a ƙasan haƙarƙari, jininta ne ya hau, jijjiga na iya biyowa. Amai bayan an bugu a ka, amai kore shar, amai da ya wuce yini guda ruwa ba ya zama, yaron da idonsa ya faɗa ko ya ƙi nono ko ya wuni bai yi fitsari ba: duk waɗannan maganin ciwo lulluɓe su kawai zai yi, a ɓata awannin da ake da su.

Kafin ka biya

Ka ce a ba ka kati cikakke, ko aƙalla a yanka inda suna ya fito. Ƙwayar da aka ɓare aka ƙulle a leda, in ta yi maka illa, ko likitan da zai cece ka bai san me ka sha ba. Ka duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ka karanta jerin sinadaran da ke ƙarƙashin babban sunan, domin a nan farasitamol da kafeyin ke ɓuya. Shagon kirki na da lasisin PCN, hukumar da ke kula da masu sayar da magani, a rataye inda ake gani. Maganin da ya wuni a faranti a kan mai talla a tasha, rana ta gama da shi ko da na gaske ne.

Na yara ya fi buƙatar wannan taka-tsantsan. A 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da gurɓataccen sinadari. A 2008 zuwa farkon 2009 irin wannan gubar a cikin maganin haƙori mai suna My Pikin ta kashe yara 84. A duka biyun alamun sun haɗa da amai da ɗaukewar fitsari. Maganin ruwa na yaro a saye shi a shago mai lasisi, da hatiminsa a rufe, a auna da nauyin yaron, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, da murfin awon da ya zo da shi, ba cokalin cin shinkafa ba.

Da ni ne a bayan kantar nan daren azumin, da na zaunar da mai Adaidaitan a benci, na narka masa sacet ɗaya a ledar ruwa biyu ya kurɓa, na aika a karɓo masa kunun gyaɗa a bakin masallaci, bayan rabin awa in kan bai saki ba in ba shi farasitamol biyu. Kuɗin bai kai na haɗin da ya biya ba. A durowar gidana ma abin da ke ciki ke nan: katin farasitamol zalla, sacet huɗu na ruwan gishiri da suga, kwalbar farin maganin ƙwarnafi, da ƙullin busasshiyar citta. Akwai katin ibufurofen guda ɗaya na uwargida, a can ƙarshen durowar, ta rubuta a bayansa da jan biro: bayan abinci.